Darasi na 7: Na'urar Tsaron Gida, Mai Waya ko Mara Waya?

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya ce yana neman kyamarar tsaro, tambayar farko da zai ji ita ce: "Alhaji, mai waya kake so ko mara waya?" Yawancin masu saye ba su da amsa. Sai su bar wa mai shago zaɓi, shi kuwa abin da ke kan kantarsa zai yaba. A wannan darasi za mu koyi yadda kowane iri yake aiki, domin ku je kasuwa da amsarku a hannu. Ma'aunin da za mu yi ta komawa kansa guda ne: ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, sabis ya yi rauni, wace na'ura ce za ta ci gaba da aiki a gidanku?

Kayan da ake haɗawa

Na'urar tsaron gida ba ta wuce abu uku. Akwai kyamara mai ɗaukar hoto. Akwai ƙananan na'urori masu gane an buɗe ƙofa ko wani ya gifta. Akwai kuma jiniya mai tayar da mutane. Kowanne daga cikinsu yana bukatar wuta ta isa gare shi, yana kuma bukatar hanyar da zai aiko da hoto ko saƙo. Idan waya ce ke ɗaukar saƙon, tsarin mai waya ne. Idan ta iska saƙon ke tafiya, mara waya ne. Ku lura tun yanzu cewa kyamarori da yawa da ake sayarwa da sunan marasa waya sai an jona su a soket kafin su yi aiki. Hoton ne kawai ke bin iska.

Mai waya

A wannan tsari kowace kyamara tana da wayarta da ta taso daga jikinta har zuwa wani akwati da ake ajiyewa cikin gida. Akwatin ne ke naɗar hoto dare da rana a kan faifan ajiya irin na kwamfuta. Iri biyu ne. DVR yana aiki da waya mai kauri irin ta eriyar talabijin, haɗe da wata siririya mai kai wutar bolt 12. NVR kuwa yana aiki da wayar intanet irin su Cat6, kuma a yawancinsu waya ɗaya ce ke kai wuta ta dawo da hoto, abin da masu sana'ar ke kira PoE. Iyakar irin wannan waya mita 100 ce, wanda ya ishi gidan zama. Sunayen da za ku fi cin karo da su a shaguna su ne Hikvision da Dahua, kamfanoni biyu na ƙasar Sin.

Ƙarfin wannan tsari a fili yake. Ba ruwansa da sabis, ba ruwansa da data. Kaurin bango bai dame shi ba. Yana naɗar komai ba tare da jiran motsi ba, don haka idan wani abu ya faru za a ga abin da ya gabace shi: wanda ya yi ta zagaya layin da yamma, babur ɗin da ya tsaya a kwanar. Ƙararrawar ƙofa mai waya ma tana da wata fa'ida. Ana manna maganaɗisu a jikin ƙyaure, a manna ɗan makunni a jikin firam ɗin ƙofa, wuta 'yar kaɗan tana zagayawa ta cikinsa. Da an buɗe ƙofa zagayen ya katse, jiniya ta tashi. Ɓarawon da ya yanke wayar ma ya katse zagayen ke nan, jiniya za ta tashi.

Wahalarsa tana wajen kafawa. Sai an hau tsani, an huda bango, an shiga silin. Mai gini da bai yi filasta ba tukuna ya ci riba, domin yanzu ne zai binne bututun roba daga kusurwoyin gida zuwa ɗakin da akwati zai zauna, ko da kyamarar sai baɗi zai saya. Wanda gidansa ya riga ya kammalu kuwa sai a bi da bututun ta jikin bango. Kada ku yarda a shimfiɗa waya tsirara a cikin silin, ɓeraye za su gwaguye ta. Kada kuma a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wutar gida, hoton zai riƙa yin layi-layi.

Wajen waya ne aka fi cutar mutane, saboda haka za mu tsaya a kai. Waya ta ƙwarai tagulla ce zalla. Amma kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyum ne, aka lulluɓe bayanta da tagulla siririya. A ido ba su da bambanci. Ku ce a yanko muku ɗan guntu, ku fere robar, ku kankare ƙarfen da reza. Idan ja ne har ciki, tagulla ce. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ku ajiye ta. Alminiyum ba ya kai wuta kamar tagulla, yana kuma saurin karyewa. Alamar gidan da aka sa wa irin wannan waya sananniya ce: da rana hoto tangaran, da dare kyamarar nesa ta ɗauke ko ta riƙa ƙyaftawa. Dalili shi ne da duhu ya yi kyamara takan kunna ƙananan fitilunta na ganin dare, ta nemi ƙarin wuta, wayar kuma ta kasa kawowa. Wato lokacin da aka saye ta dominsa, lokacin take mutuwa. Araha ba ta ado.

Abu biyu suka rage. Na farko, ɓarawon da ya san kan aiki akwatin yake nema, domin in ya tafi da shi ya tafi da shaida. Ajiye shi ƙarƙashin talabijin a falo kuskure ne. A sama masa wuri ɓoyayye mai shan iska, domin faifan ajiya ba ya son zafi. Na biyu, doguwar waya da ta bi kan katanga tana iya jawo tasirin tsawa da damina, ta ƙona kyamara da akwati baki ɗaya. A sa abin kariya daga hauhawar wuta, a kuma tabbata an kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa.

Mara waya

Nan sai an rarrabe, domin abu uku ne ake kira da suna ɗaya.

Na farko ita ce kyamarar da ake jonawa a soket, tana aika hoto ta Wi-Fi zuwa rautar gida, daga nan zuwa wayar hannu. Ita ce mafi araha, kuma mutum yana iya kafa ta da kansa. Irin su Tapo da Ezviz na cikin wannan rukuni. Rauninta shi ne ta dogara da abu uku a lokaci guda: wutar soket, wutar rauta, da intanet. Yawancinsu suna amfani da zangon 2.4 GHz, wanda ya fi na 5 GHz ratsa bango, amma duk da haka nisan da aka rubuta a kwali a fili aka auna shi. Gidajenmu na bulo da siminti ne, da dekin mai rodi, da ƙyauren ƙarfe da rufin kwano, kuma kowannensu yana rage ƙarfin saƙon. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kyauta: kafin ku saya, ku tsaya daidai inda za a kafa kyamarar, ku rufe ƙofofi kamar yadda ake rufe su da dare, ku duba ƙarfin Wi-Fi a wayar hannunku. Idan sanda ɗaya ta rage, kyamarar za ta riƙa yankewa.

Ta biyu mai batir ce, ba waya ko ɗaya a jikinta. Don batir ya daɗe, barci take yi, sai abin gane motsin da ke jikinta ya tashe ta ta ɗauki ɗan gajeren bidiyo. Farkawar tana ɗaukar ɗan lokaci, shi ya sa wani sa'in ƙeyar mutum kawai za a gani yana ficewa. Idan kuma aka fuskantar da ita titi mai hada-hada, duk Keke Napep da ya wuce zai tashe ta, batirin da aka ce zai yi watanni ya ƙare da wuri.

Ta uku ita ce mai fanel ɗin sola da layin sim a cikinta. Ga gona, garken dabbobi, fili da ake gini ko rumbun ajiya a bayan gari, babu kamarta, domin ba ta bukatar wutar gwamnati ko rauta. Sai dai tana cin data, kuma lissafin yana da kyau a san shi. Kyamarar da ke aika megabit 1 a daƙiƙa tana cin kimanin megabait 450 a awa guda na kallo. Wanda ya saba buɗe wayarsa yana kallon gona tsakanin azahar da la'asar zai ga datar wata ta ƙare a 'yan kwanaki. Layin kuma sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi a Nijeriya, kuma idan aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani na iya rufe shi, mai kyamara bai sani ba.

Dogaro da sabis ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka shafe fiye da wata biyu haka. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na kwanaki. A irin waɗannan ranaku kyamarar da ke ajiye hotonta a intanet kaɗai ba ta da amfani. Saboda haka duk mara wayar da za ku saya, ku tabbata tana da ramin sa memori, ku kuma sa mata mai kyau, domin ta ci gaba da naɗa ko babu sabis. Ku sani dai cewa wanda ya ciro kyamarar ya tafi da memorin.

Akan yi maganar na'urorin da ke toshe saƙon Wi-Fi. Gaskiya ne akwai su, kuma 'yan sanda a wasu biranen Amurka sun gargaɗi jama'a cewa masu fasa gidaje na amfani da su. Amma abin da ya fi kashe tsarin mara waya a gidajenmu shi ne batir da ya mutu ba a lura ba. Ƙananan na'urorin ƙofa marasa waya da batir suke aiki. Tsari mai kyau yakan sanar cewa batirin ƙofar baya ya yi sanyi. Mai araha kuwa shiru zai yi, mai gida yana kwance yana zaton ƙofar na da tsaro. Ku tambayi mai shago wannan kai tsaye kafin ku biya.

Lissafin wuta

A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wani babban layin kuma ya samu matsala. Ko a ranakun da komai ke lafiya, unguwannin da aka sa a rukunin A ne kaɗai aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Don haka wanda zai sayi na'urar tsaro, ya sa kuɗin batir a cikin kasafinsa tun farko. Na'urar da ke mutuwa tare da wutar unguwa ado ce kawai a jikin bango.

Ga yadda ake lissafin, ku ɗauko biro ku bi shi. Mu ɗauka kyamara huɗu ce, kowace tana jan wat 5 da dare, akwatin naɗa da faifansa kuma wat 15. Jimla wat 35. Idan ana so su yi awa 12, sai a ninka: 35 sau 12 ya ba da 420. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 12 sau 100, wato 1,200. Amma batirin dalma, irin mai ruwa ko na jel, ba a shan fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. A raba 600 da 35, a samu kimanin awa 17. Idan ta inbata wutar za ta bi, a rage wani abu, domin ita ma tana cin rabonta. Ainihin adadin wat yana rubuce a jikin kowace na'ura ko a kwalinta, da shi za ku yi naku lissafin.

A nan tsarin mai waya yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Tunda duk kyamarorin daga wuri ɗaya suke shan wuta, batir guda da fanel guda sun riƙe su gaba ɗaya. Kyamarorin Wi-Fi masu soket kuwa kowace tana kusurwarta, sai an tabbata kowane soket yana kan inbata, har da na rauta. Mutane da yawa sukan manta da rautar. Shawarata ita ce a ware wa na'urar tsaro batirinta daban. Idan ta yi tarayya da fanka da talabijin da cajin wayoyin gida, kafin tsakar dare an shanye shi.

Haka ake lissafin faifan ajiya. Kyamarar da ke naɗa a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cika kusan gigabait 22 a kwana ɗaya. Huɗu sun cika 86. Faifai mai terabait 1 zai riƙe kimanin kwana 11 kafin sabon hoto ya fara goge tsoho. Mai yawan tafiya ya sayi wanda ya fi haka girma.

Zafi, ƙura da dabbobi

Kayan nan ba don yanayinmu kaɗai aka ƙera su ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, kuma zafi yana rage wa batir kwana, musamman wanda ke cikin kyamarar da rana ke duka tun safe. A sa ta ƙarƙashin inuwar rufi, fanel ɗin kaɗai ya fita rana. Abin gane motsi kuma da bambancin ɗumin jikin mutum da na wurin yake aiki, don haka a daren bazara, lokacin da bango ya ɗauki zafi, kaifinsa yana raguwa. Da hunturu ƙura takan rufe gilashin kyamara da fuskar fanel, sai a riƙa gogewa da tsumma mai laushi duk mako. Gizo-gizo yana son yin saƙa a gaban kyamara saboda ƙwarin da ke taruwa wurin, kuma zare ɗaya ya isa ya mayar da hoton dare fari fat.

Gidan da ke da awaki, kaji ko kyanwa sai an yi hattara da inda aka fuskantar da abin gane motsi. Jiniyar da ta tashi mutane sau uku saboda akuya, a karo na huɗu ba wanda zai fito. Tsayin kyamara ma abin lura ne: tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku ya fi dacewa. Idan ta yi ƙasa hannu zai kai gare ta, idan ta yi sama da yawa hula kawai za ta ɗauka, fuska ba za ta fito ba.

Sirrin gida

Wannan sashe ya shafi iri biyun, muddin an haɗa su da intanet. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubun dubatar kyamarori da akwatunan naɗa a faɗin duniya ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni ke sakowa da su, waɗanda masu saye ba su taɓa canzawa ba. Da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar. Ranar da aka gama kafa muku na'ura, ku karɓi kalmar sirri ku canza ta da hannunku. Ku tabbata da lambarku ko imel ɗinku aka buɗe asusun manhajar, ba da na mai aikin ba, ku kuma duba cewa bai bar wayarsa a haɗe ba. Wannan ba zargi ba ne. Mai aikin kirki da kansa zai nuna muku yadda ake yi.

A gidan Bahaushe baƙo namiji a zaure yake tsayawa, kuma bai kamata kyamara ta wuce inda baƙo ke tsayawa ba sai da dalili mai ƙarfi da yardar matan gidan. Ƙofar gida, zaure, gareji da bayan katanga sun isa. Tsakar gida, inda mata ke aiki ba mayafi, da ɗakunan kwana, a bar su. Hoton da ya hau intanet ba a da tabbacin inda zai tsaya. Haka nan kyamarar da aka ɗaga sama har tana leƙa tsakar gidan maƙwabci cin zarafi ce a addini da al'ada, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin mutane da gidajensu. Bayan an kafa, ku kira maƙwabcin ku nuna masa abin da kyamarar ke gani.

Wa ya dace da wanne

Mai gidan kansa, wanda ba shi da niyyar tashi, ya sa mai waya a ƙofar gida da kusurwoyin katanga, da batirinta daban. Kuɗin farko ya fi yawa, amma bayan nan ba kuɗin data dole, ba hawa tsani don caji. Idan akwai wani lungu da jan waya zai yi wuya, kamar turken dabbobi a can ƙarshen fili, sai a cike da mai sola guda ɗaya. Ɗan haya kuwa mara waya ce tasa, domin mai gida ba lalle ya yarda a huda masa bango ba, kuma ranar tashi zai kwance kayansa ya tafi da su. Mai shago a kasuwa, inda babu wuta da dare, da mai gona, su nemi mai sola da sim da memori.

Wanda kuɗinsa bai kai na kyamara ba kada ya ga kamar an bar shi a baya. Ƙyaure mai ƙarfi, kwaɗo na ƙwarai, fitilar sola mai kamawa da ta ji motsi da ƙararrawar ƙofa mai jiniya sun fi kyamara mai araha hana ɓarawo shiga. Kyamara shaida take tarawa, ba ta riƙe hannun kowa. Shi ya sa kafin a kunna kowace na'ura ya kamata a zauna da maƙwabta, mai gadi da 'yan sintirin unguwa a yi magana: idan aka ji jiniyar gidan nan, wa zai kira wa? A adana lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta mai unguwa a wayar kowane babba a gidan, tare da 112, lambar kiran gaggawa ta Nijeriya.

Aikin gida

Ku zana taswirar gidanku ko shagonku a takarda, ku nuna duk inda mutum zai iya shiga, har da wurin da katanga ta fi gajarta. Ku sa alama a wurare uku da suka fi bukatar tsaro, ku rubuta a gefen kowanne ko mai waya ko mara waya ce ta dace da shi, da dalili. Sannan ku yi wannan lissafi: kyamara 6, kowace wat 5, akwati wat 20, batirin dalma mai bolt 12 da amfiya 200. Awa nawa za su yi idan rabin batirin kawai aka sha? Ku zo da taswirar da amsar a zama na gaba, tare da guntun waya daga shago mafi kusa da ku, za mu kankare ta a aji.